Doki a Cikin Kwamfutar Baba

A shekarun da sojojin birnin Bangi suka riƙa yin bore, yau su ajiye bindiga gobe su ɗauka, mu a unguwar Kilomita Biyar ba mu daina cin abinci ba, ba mu kuma daina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In aka ji harbi daga wajen kogi sai a sauke ƙofofin shaguna, kowa ya shige gida. In ya lafa sai a ɗaga, mai tsire ya koma hura wutarsa. Ni kam abin da ya hana ni sukuni a lokacin ba sojoji ba ne, wata kwamfuta ce da wani Bamaraɗe.

Kwamfutar ta Baba ce. Shi ɗan kasuwar atamfa ne, haifaffen unguwar, kakansa ne ya zo fatauci daga ƙasar Hausa bai koma ba. Bai yi boko ba. Faransancinsa na kasuwa ne, ya ishe shi ciniki da faɗa da direbobi. Amma yana son sabon abu kamar ƙaramin yaro. Da na gama makaranta na koyi buga takardu, na ce zan nemi aiki a ofisoshin cikin gari, ya ce ba dai 'yarsa ba. Muka yi ta ja-in-ja, don taurin kan nan a wurinsa na gada. Ƙarshe ya tashi ya je wurin wakilin wani kamfanin kwamfuta a cikin gari, ya ce a ba shi wadda ta fi kowace girma. Suka ba shi irin wadda masu zanen gine-gine da gidajen buga littattafai suke aiki da ita. Aka yanke mini lungu a shagonsa da katako, aka sa labule. Can nake tsara wa mutane takardun talla da tambarin sabulu da kalandar lokutan salla.

Abin da ya fi burge Baba a cikinta garanti ne, wato alkawarin kamfani cewa in ta lalace su za su gyara. Duk wadda ta shigo sayen zane sai ya ɗaga mata labulena ya ce, "Da garantinta fa." Matan su ce masha Allah, su koma kan turmin da suke tayawa.

Duk girman nan nata, ina sa hoto a cikin aiki sai ta shiga tunani. In tashi in yi alwala, in yi salla, in dawo in tarar ba ta gama ba. Na sha zaginta, da Hausa da Sango, yaren garin, ba ta taɓa kula ni ba.

A haka Bamaraɗen ya same mu. Bai daɗe da zuwa garin ba, ko gaisuwar Sango bai iya ba, in ya gwada sai mata masu sayar da ganye su kwashe da dariya. Yana da tebur a bakin kasuwa, yana sayar da kaset da batir da kayan gyaran rediyo, yana bin manyan motoci zuwa Duwala ya saro. A unguwarmu akwai 'yan gida, akwai baƙi. Baƙo irinsa ana sayen kayansa, ana tsayawa sahu ɗaya da shi a masallaci, amma ba a saurin ba shi 'ya, don ba a san ranar da zai naɗe tabarmarsa ba. Ya zo in yi masa takardar talla, na yi. Ya dawo wai a ƙara girman rubutun. Ya sake dawowa wai a rage. Da abin ya yi yawa na tambaye shi ko miya yake yi da takardun. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ni ma na juya wa kwamfuta fuska don kada ya ga nawa.

Shi ne ya zauna wata rana yana kallon yadda take jan ƙafa, ya ce ba lalaci ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta yi mata kaɗan. Abin da yara yanzu ke kira ram, mu a lokacin da Faransanci muke faɗa, memuwar. Da ya je Duwala ya dawo da wasu 'yan falle biyu kore, kowane bai wuce mataji ba, a cikin leda mai ƙyalli. Ya kwance murfin kwamfutar a gaban Baba, ya yi bismilla, ya danna su a gurbinsu suka ce ƙas. Aka kunna. Hoton da da yake cinye mini salla guda, kafin in gyara zama ya fito. Baba ya ce, "Kai, ashe injiniya ne!"

Daga ranar aka fara zuba masa shayi a shagonmu. Inna ta fara tambaya ko Bamaraɗen nan ya saba da tuwon rogo, ko a tuƙa masa na masara. Kowa ya san inda maganar ta dosa. Abin da ya riƙe shi, ba shi da babba ko ɗaya a Bangi da zai shige masa gaba, shi kuma Baba ba mutumin da saurayi zai tunkara da bakinsa ba ne. Ni dai ina son sa, kuma ina jira.

Sai kwamfuta ta fito da sabon hali. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka, kwanon shago ya ɗauki zafi, sai a ji wata ƙara daga cikinta, ƙar-ƙar-ƙar, can kuma kibiyar nan ta kan gilashi ta ƙafe. Ka danna duk abin da za ka danna, ko motsi. Sai an kashe, aikin da na wuni ina yi ya bi iska. Baba ya ce ai ga ranar garanti. Wayar unguwa ta mutu tun boren baya, don haka dole a je da ƙafa. Na ce in bi shi, ya ce gari ba daidai yake ba, mace ba za ta ratsa shingayen sojoji a kan na'ura ba. Ya tafi shi kaɗai da Faransancinsa.

Ya dawo bayan la'asar. Ya cire hula ya ajiye a kan turamen atamfa, abin da ba ya yi sai ransa ya ɓaci sosai.

"Kashe ta," ya ce.

"Baba, aikin mutane nake yi."

"Na ce ki kashe ta! Caca aka zuba mini a shago ina zaune ina dafa wa mutum shayi."

Da ƙyar na tsinci labarin a cikin faɗan. Ma'aikacin kamfanin ya tambaye shi ko an ƙara wa na'urar wani abu. Baba ya bugi ƙirji ya ce ƙwarai kuwa, an ƙara mata ƙwaƙwalwa daga Duwala. Sai mutumin ya girgiza kai ya ce garantinsu ba ya ɗaukar memuwar tiyarse, a je a cire tukuna.

"Tiyarse!" Baba ya maimaita, yana nuna labulena da carbi. "A shagona!"

Wanda bai zauna a ƙasashen Faransanci ba, tiyarse cacar dawaki ce. Dawakin suna can ƙasar Faransa suna gudu, mutum yana nan ya zaɓi uku a takarda, ya kafa kunne a rediyo yana jiran arzikin da ba zai zo ba. Baba ya tsani abin nan fiye da giya, don ya ga magidanta da suka sayar da rumfunansu a kansa. Ga shi kuma a boren da ya wuce an wawushe ofisoshi a cikin gari, kayan na'urori sun cika kasuwar bayan fage. Baba ya haɗa wannan da wancan, lissafinsa ya fita tsaf: daga injin gidan caca aka ciro ƙwaƙwalwar, aka sayar wa Bamaraɗe, shi kuma ya zo ya dasa masa. Ga haram, ga kayan wawaso.

Na ce, "Baba, haka ya faɗa? Tiyarse?"

"Da kunnena na ji. Ko kurma kika mai da ni?"

Na yi makaranta, amma na laluba kaina ban sami wata kalma ba sai wadda ya sani. 

Inna ce ta ƙarasa mu. Da aka kai mata labari cikin gida ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Ba ku lura sai bayan azahar take tsayawa ba? Ai lokacin ne dawakin suke gudu." Ta ce kuma ƙarar nan da muke ji, wanda duk ya san kofato ya san ta. Kafin magariba magana ta kai unguwar Kokoro, kafin wayewar gari ta kai unguwar Miskin. Mata suka riƙa shigowa shago ba don zane ba, su tsaya kusa da labule su karkata kai. Wata tsohuwa ta rantse ta ji haniniya, alhali kwamfutar a kashe take.

Bamaraɗen ya zo da kansa. Ya yi sallama, Baba ya amsa iyakar abin da addini ya wajabta. Ina bayan labule ina jin su.

"Baba, wallahi sabuwa hil na sayo ta, cikin ledatta. Ni ban san doki ba, ban san mahayi ba."

"Ina ledar?"

"Ai gabanku munka yar da ita."

"To ni da kai wa ya fi kamfani sanin kayan na'ura? Su suka faɗa. Ka sha shayina, ka ci tuwon gidana. Kada ka sake taka mini shago."

Ya juya ya fita. Shi ma da nasa girman kan, Bamaraɗe ne. Kasuwa kuwa ba ta da tausayi in ta sami abin dariya. Aka laƙaba masa Mai-Doki. In ya wuce sai wani ya kaɗa harshe kamar kofato. Dattawan da suke sayen batir a wurinsa suka koma wani tebur. Ba a jima ba wata maƙwabciyarmu ta kawo wa Inna saƙo, don ni in ji: ya ce da zarar hanyar Duwala da bore ya rufe ta buɗe zai bi mota, kuma ba zai dawo ba.

Na yi kuka, na kuma yi fushi, fushin ya fi yawa. Na yi fushi da Baba, na yi fushi da Inna da dawakinta, na yi fushi da shi da zai tattara ya gudu ya bar ni da sunan wadda ta so ɗan caca. A zuciyata na san bai aikata ba. Mutumin da in ya ga takardar tiyarse a ƙasa yake kewaye ta, shi ne zai ɗauko ƙwaƙwalwarta? Amma 'ya ba ta tsayawa gaban ubanta ta ce ina son wane, ku sake bincike. Sai na bi ta inda na san Baba ba ya iya kaucewa.

Na same shi yana jera zannuwa, na ce, "Baba, ni abin da ke damuna, har yanzu kamfanin can suna ganin shagonka gidan caca ne."

Ya tsaya.

"In muka cire abin nan a ɓoye, wa ya gani? Sai su ce Alhaji ya ji kunya ya ɓoye. Amma in a gabansu aka cire, da bakinka ka gaya musu ko kai wane ne."

Ya ajiye zanen da ke hannunsa. Ya san ni, na san shi. Amma maganar ta riga ta shige shi. Ya ce, "Gari na lafawa za a kai ta." Na ce ai kuwa sai da ni, don duk gidan ba wanda ya san inda ake kunna ta. Ya yi tsaki, bai ce a'a ba.

Sai harbi ya dawo, aka sauke ƙofofi. Muka zauna a gida muna cin abin da ya samu, Inna tana soya ƙosai muna jin rediyo. Ni kaɗai ce a gidan ban san abin da zan roƙa ba. In aka yi sulhu za mu kai kwamfuta, amma sulhun nan shi ne zai buɗe hanyar Duwala. Haka kuwa aka yi. Safiyar da aka ce an sasanta, ina leƙawa waje na ga manyan motoci sun fara lodi a tasha.

Muka ɗora ta a amalanke, abin da muke kira pus-pus. Baba ya sa aka lulluɓe ta da sabuwar atamfa, don ko mai laifi ce ba zai bari a gan ta a tsiraice ba. Shi yana gaba da babbar riga, mai turawa a tsakiya, ni a baya riƙe da wayoyi. A shingen farko wani soja ya ɗaga zanen da bakin bindiga, ya tambaya da Sango mene ne wannan. Baba ya ce talabijin ce, ba ta da lafiya. Sojan ya leƙa ta gaba ya leƙa ta baya, sai ya ce da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwarmu, "Allah ya ba shi lafiya." Muka ce amin, muka wuce.

Ofishin wakilin an toshe tagoginsa da katako, amma ƙofa a buɗe take. Ma'aikacin da ya yi magana da Baba dattijo ne mai furfura da tabarau, mutumin Miskin, ya tashi cikin Hausawa, yana jin Hausa sama-sama. Da Sango da Faransanci aka yi maganar. Baba bai bari ko an sauke kaya ba ya fara jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa. Ya ce shi wane ne ɗan wane, an san gidansu a Kilomita Biyar tun kafin a yi kwalta. Ya ce tun da yake bai taɓa zuba ko sisi a kan doki ba, baƙi ko fari. Ya ce yaudararsa aka yi, kuma ga shi ya kawo na'urar a cire najasar a gaban shaidu.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kota zo," wato babban mutum, "wane doki?"

"Dokin da ka ce! Ba kai ka ce ƙwaƙwalwar tiyarse ce a ciki ba?"

"Ni? A'a. Tiyars na ce."

"To ai shi na faɗa. Tiyarse."

"Tiyars."

"Tiyarse," in ji Baba, yana ƙara ƙarfi, kamar mai koya wa yaro karatu.

Nan na gane, na dafe bango. Bakin Bahaushe ba ya barin kalma ta ƙare a tsaye, sai ya ƙara mata wasali ta zauna, yadda muka mai da bank banki. Kunnen Baba ya ji tiyars, bakinsa ya cika masa sauran, shi ke nan doki ya shigo. Dattijon ma ya gane. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya saboda girman Baba, ya kasa. Ya cire tabarau yana share hawaye. Ni kuwa na cusa mayafi a baki.

Da ya natsa sai ya ɗaga yatsu ya yi bayani. Tiyars, in ji shi, na uku ke nan. Kamfanin da ya ƙera na'ura shi ne na ɗaya. Wanda ya saya shi ne na biyu. Duk wani wanda ya kawo wani abu aka sa a ciki, ko daga Duwala ko daga ina, shi ne na uku.

Baba ya ce, "Ni ne na biyu? A kan abin da na saya da gumina?"

"Haka tsarin yake, kota zo."

"Tsarin banza," in ji Baba da Hausa, amma muryarsa ta sauka.

Dattijon ya ci gaba. Ya ce ƙara ƙwaƙwalwa ba laifi ba ne, ba su hana ba, garantin ma bai mutu ba. Sai dai abin da ba su suka sa ba, ba su san shi ba, ba za su tsaya masa ba. Don haka za a cire, a gwada na'urar da nasu kaɗai. In ciwon ya tafi, to na baƙon kayan ne, mu je mu nemi wanda ya sayar mana. In ya zauna, nasu ne, su za su gyara.

Dariyata ta ɗauke. Doki ya fita, amma Bamaraɗe bai fita ba. Na ga fuskar Baba ta ɗan washe, na san abin da yake tunani. Mutumin da ya ji kunya a gaban 'yarsa, in aka ce kayan yaron ne suka lalata na'urar, ya sami inda zai tsaya: ko ba caca ba, ai ruɓaɓɓen kaya ya kawo. Motoci kuma suna can suna lodi.

Aka kwance murfi, dattijon ya zare 'yan fallen nan biyu ya miƙa wa Baba. Baba ya karɓa da gefen hankici, har yanzu bai gama yarda da su ba. Aka bar cikin a buɗe, aka kunna. Na zauna na ɗora mata aiki mai nauyi, hotuna a kan hotuna. Ta koma jan ƙafarta ta da, amma tana tafiya. Muka zauna. Ofishin ba iska, tagogi a toshe, gumi yana bin bayana. Ni da na yi makonni ina roƙon Allah kada ta tsaya, ranar sai ga ni ina roƙon ta tsaya. Na ƙara mata hoto. Ta haɗiye. Na ƙara. Baba ya fara kaɗa ƙafa yana cewa, "To, kun gani dai." A raina na zage ta zagin da ban taɓa yi mata ba.

Sai muka ji ƙar-ƙar-ƙar. Kibiya ta ƙafe.

"Alhamdu lillahi!" Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba. Baba ya juyo ya harare ni.

Dattijon ya sunkuya ya nuna mana da bakin sukundireba. Wata 'yar fanka ce a can ciki, ba ta kai murfin gwangwanin madara ba, tana juyawa tana tuntuɓe, tana tsayawa. Ita ce take sanyaya zuciyar na'urar. In rana ta yi zafi ta gaza, sai komai ya ƙafe. Ya dubi Baba ya ce, "Ga dokinka." Ya ce wannan tasu ce, ciwon nasu ne. Ya buɗe kabad ya ɗauko sabuwa ya ɗaura. Sannan ya karɓi fallen nan ya ɗaga su wajen haske, ya ce sababbi ne, masu kyau ma. In muna so mu mayar, amma duk ranar da za mu kawo ta gyara, mu cire su tukuna.

A hanyar dawowa Baba ya yi gaba yana sauri. Ni kuwa na kama bakina, don na san in na yi ko tari zai ce dariya nake masa. Da muka shigo unguwa ya ce wa mai pus-pus ya wuce shago. Shi kuma ya karkata wajen tasha. Bai ce in bi shi ba, bai ce in tafi gida ba, sai na bi shi daga nesa-nesa.

An gama ɗaure tamfol a wasu motocin. Bamaraɗen yana zaune can saman kaya da jakarsa a gefe. Tasha cike take da 'yan kasuwa da 'yan dako, cikinsu har da masu kaɗa masa harshe. Baba ya tsaya a ƙarƙashin motar ya ɗaga kai.

"Kai! Sauko. Haka ake yi a garinku, mutum ya bar aiki a buɗe ya hau mota?"

Ya sauko a hankali, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya ciro hankicin ya miƙa masa.

"Ungo. Ka je ka mayar da abinka inda ka sa shi."

"Baba, ai an ce na doki ne."

"Wa ya ce?" Baba ya juya yana kallon jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Mutanen unguwar nan Faransanci ya yi musu yawa. Kalma ba su sani ba sai su kama surutu. Tiyars aka ce." Ya cije ƙarshen kalmar da haƙori don kada wasalin ya kuɓuce. "Na uku ke nan. Ba doki, ba jaki. Kayansa sababbi ne, kamfani ne ya duba da tabarau."

Ba wanda ya yi gigin tuna masa daga bakin wa maganar ta fito. Wannan shi ne ban-haƙurin Baba, kuma duk tashar ta san shi ne. Bamaraɗen ya karɓi hankicin da hannu biyu. Baba ya juya kamar zai tafi, sai ya tsaya.

"Kamfani sun ce ba su san kayanka ba, ba za su tsaya musu ba. Wannan tsakaninka da su." Ya gyara wuyan rigarsa. "Na ji an ce ba ka da manya a garin nan."

"Babu, Baba. Dut suna gida."

"To ka je wurin liman, ka ce ya zama ubanka, ya zo ya same ni. In ya tambaye ka wa ya san ka, wa ya tsaya maka, ka ce ni."

Na ja mayafi na rufe fuska. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage, ga mutane, ga 'yan dako sun fara shewa. Amma a ƙarƙashin mayafin kuka nake yi ina dariya, kuma ban taɓa son Baba kamar wannan rana ba. Direba ya danna ham yana tambaya ko mai jakar nan zai hau. Baba ne ya amsa masa, ya ce a miƙo jakar ƙasa.